Tsoho a shekara 23: makomar ɗan wasan gaba tsakanin jami'a da NBA

Duk shekara a watan Yuni, ƙungiyoyi 30 na gasar ƙwallon kwando ta NBA kan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa, mafi yawansu daga jami'o'in Amurka. A wannan kasuwa ce kalmar "tsoho" ta samu wata ma'ana da ba ta cikin ƙamus. Ni da harshe ne sana'ata, abin yakan ba ni mamaki: yaron da a wajenmu saurayi ne ɗanye shar, can da zarar ya cika 22 ko 23 sai masu farautar 'yan wasa su fara yi masa kallon wanda rana ta kusa faɗuwa a kansa.

Dalilinsu ba na banza ba ne. Tun daga zaɓen 2006 doka ta ce sai mutum ya kai shekara 19, kuma ya yi shekara guda da barin sakandare, kafin a ɗauke shi. Saboda haka gwanayen gwanaye kan yi shekara ɗaya a jami'a su fice. Wanda ya zauna huɗu, ana zargin da ma ba a neme shi ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji su. Ɗan 19 za a iya sassaƙa shi, ɗan 23 kuwa abin da ka gani shi ka saya. Kuma yarjejeniyar farko ta shekara huɗu ce, kafin ta ƙare ya doshi 27.

Akwai misalin da ke mara musu baya. Tyler Hansbrough ya yi shekara huɗu a jami'ar North Carolina yana murƙushe abokan karawa da ƙarfin ƙirji, ya ɗauki kofin ƙasa a 2009, Indiana ta zaɓe shi a lamba ta 13 yana ɗan 23. Da ya shiga NBA sai ya tarar kowa ƙato ne. Ƙarfin da ya fi yara da shi ya zama abin kowa, ya yi shekara bakwai mafi yawa daga benci, daga bisani ya koma wasa a ƙasar Sin.

Amma ni a ganina an ɗora wa shekarun haihuwa nauyin da ya fi ƙarfinsu. Tambayar da ta dace ita ce: da me yake cin wasa, kuma tun yaushe ya fara? Dubi Pascal Siakam, haifaffen Duwala a Kamaru a 1994. Makarantar horar da limaman coci aka sa shi, bai kama ƙwallon kwando gadan-gadan ba sai da ya kusa 18. Lokacin da Toronto ta ɗauke shi a lamba ta 27 a 2016 daga jami'ar New Mexico State, takarda ta ce 22, amma a fagen wasa ɗan shekara biyar ne ko ƙasa da haka. Icce ne ɗanye da aka yi wa kuɗin busasshe. A 2019 ya ci kyautar ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba, ya kuma ɗauki kofi tare da Toronto. A 2025 yana cikin ginshiƙan da suka kai Indiana wasan ƙarshe.

Draymond Green kuwa wata hujja ce daban. Shekara huɗu ya yi a Michigan State, ana ta cewa ya yi gajarta a ƙarƙashin kwando, ya yi nauyi a wajensa, har zagayen farko ya wuce ba a kira shi ba. Sai a lamba ta 35 Golden State ta ɗauke shi a 2012. Abin da ya zo da shi bai dogara da fin yara ƙarfi ba: karanta wasa, miƙa ƙwallo, da iya tsare kowane irin abokin gaba. Kofi huɗu ya ci, a 2015, 2017, 2018 da 2022, ga kyautar gwarzon tsaro a 2017.

Mai karatu zai ce ai waɗannan tsintattu ne. Haka ne, kuma shi ya sa labarin Dalton Knecht ya fi kusa da abin da yawancinsu ke fuskanta. Ya faro daga ƙaramar kwaleji, ya bi ta Northern Colorado, ya ƙare a Tennessee inda ya zama gwarzon gasar yankinsu a 2024. Shekarunsa 23 suka ja shi baya zuwa lamba ta 17, Lakers ta ɗauke shi. A Nuwamban shekarar ya zura wa Utah maki 37, da jifar maki uku har tara. A Fabrairun 2025 kuma ƙungiyar ta yi musayarsa zuwa Charlotte, cinikin ya rushe saboda ɗayan ɗan wasan ya faɗi gwajin lafiya, ya dawo gidan da ya riga ya sallame shi. Ɗan 19 akan ba shi shekara uku ya yi ta kuskure. Ɗan 23 ba a yi masa wannan haƙuri.

Lissafin ma ya sauya. Daga Yulin 2021 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. Wanda yake tsoron faɗawa zagaye na biyu, inda babu tabbacin yarjejeniya, yanzu yana iya zama a jami'a ya samu abin da ya kai ko ya fi. Ke nan zama har shekara ta huɗu ya daina zama shaidar cewa ba a neme ka ba, kuma masu farauta za su riƙa tarar da 'yan 22 da 23 a gabansu fiye da da, ko suna so ko ba sa so.