Darussan Injiniyancin Sadarwa na Kyauta da Matsalar Harshe

Idan masunci a Wara, hedikwatar Ngaski, ya kira dillalin kifi a Yelwa, wayarsa kan yayyanka muryarsa ta mai da ita lambobi, ta ɗora su a kan igiyar rediyo zuwa turken sadarwa mafi kusa. Ilimin da ke tsara wannan tafiya shi ne injiniyancin sadarwa, wanda Claude Shannon ya kafa tubalin lissafinsa a 1948. Wayar salula ta shigo Najeriya gadan-gadan a 2001, kuma a shekarar ce jami'ar MIT ta Amurka ta sanar cewa za ta zuba darussanta a intanet kyauta.

Shirin nan, OpenCourseWare, yau yana ɗauke da kwasa-kwasai sama da 2,000. A ciki akwai laccocin Alan Oppenheim kan sigina da na Robert Gallager kan sadarwar zamani, tare da tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu. Indiya ta kafa nata, NPTEL, a 2003. A gida kuwa, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana barin kowa ya sauke littattafan kwasa-kwasanta.

Ɗan gaɓar tafkin Kainji yana da dalilin kansa na neman wannan ilimi. Shimfiɗaɗɗen ruwa yana mayar da igiyar rediyo kamar yadda madubi ke mayar da haske. Sai sigina ya iso wayar ta hanya biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ya bugi fuskar ruwa. In suka zo a kan gaɓa guda, sabis ya ƙaru; in suka saɓa, su cinye juna, magana ta yanke alhali ana hangen turken. Injiniyan da ya gane haka ya san tsawon da zai ba eriya, ya san kuma dalilin ɗora biyu, wata sama da wata.

Sai dai kusan duk darussan nan da Turanci suke. Hatta abin da aka rubuta da Sinanci, irin bayanan na'urorin Huawei da ZTE da ke kan turaku da yawa a ƙasar nan, sai an juya shi zuwa Turanci yake iso mu. Yaron da ya tashi da Kambarci ko harshen Gungawa a gida, ya yi Hausa a kasuwa, Turanci ne harshensa na uku, kuma da shi ake so ya fahimci lissafin da ke wahalar da masu harshen kansu. Google Translate ta sa Hausa tun 2013, amma fassarar inji tana yawan tuntuɓe a kalmomin fasaha, har ta sauya ma'anar jimla ɗungurungum.

Wasu ƙasashe ba su zauna jira ba. Lasisin darussan MIT ya yarda a fassara su a rarraba, muddin an ambaci masu su, ba a sayar ba, kuma an bar fassarar kyauta. Da wannan dama 'yan sa-kai a Taiwan suka fara juya su zuwa Sinanci a 2004, NPTEL ma ta fassara nata zuwa Hindi da Tamil da wasu harsunan Indiya. A ganina malaman Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero su ne suka fi cancantar fara irin wannan aiki da Hausa, ko da bayanin baki ne na mintuna goma a kan kowace lacca, a bar kalmomin fasaha yadda ɗalibi zai same su a jarrabawa.

Saura tsadar data da rashin wuta. Ana iya sauke kwas sukutum inda sabis ke da ƙarfi, a zuba a memori, ɗalibai su tura wa juna. MIT ma tana ba makarantun da intanet ɗinsu ba shi da ƙarfi kwafin rumbun darussanta a kan na'urar ajiya, in sun nema.