Damin furen amarya ya isa Kurfai, sai dai rana ba ta raga masa

A hotunan biki da ke yawo a WhatsApp tsakanin Filinge da 'yan uwa mazauna Yamai, Abidjan ko Kwatano, akwai abin da da can ba a saba gani ba: amarya riƙe da ɗan ƙaramin damin fure. Al'adar Turawa ce, ta shigo ta finafinai da Instagram da TikTok, kuma masu ɗaukar hoto na sonta domin tana ba hannun amarya abin yi.

Matsalar ita ce yanayi. Filinge na da nisan kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Furen wardi da ake gani a bukukuwan Turai, wanda Kenya da Habasha ke nomawa su tura ta jirgin sama cikin sanyi, ba zai kai la'asar da ransa ba a Damana, hedikwatar Tondikandiya. Shi ya sa galibi ake komawa ga furen roba na ƙasar Sin. Shi ma hanyarsa ta yi tsawo tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya suka koma zagayowa daga tashar Lome ta Burkina Faso.

Mai son ɗanyen fure ba sai ya je nesa ba. Bishiyar lalle tana fidda ƙananan furanni masu ƙamshi, kuma babu furen da ya dace da hannun amarya kamarsa. Ana yanka shi da asuba kafin rana ta fito, a yanke kara a karkace domin ya sha ruwa, a tsige ganyen ƙasa, a tsoma cikin ruwan randa a inuwa har lokacin fita. Wajen haɗawa ana jera kara ɗaya bayan ɗaya ana juya damin a hannu, a ɗaure da zare ko siririn kaba, sannan a naɗe da ƙyallen ankon bikin. Kaba dai ba ta wuya a kwarin Dallol Bosso, inda goriba ke tsiro.

Akwai furannin da kyansu ke ruɗi. Kariya, mai jan furen nan, ruwanta dafi ne, da shi maharba ke shafe kibiya a wasu sassan Afirka. Nonon tumfafiya kuwa yana cutar da ido, ga shi amarya ba ta rabuwa da share hawaye ranar kai ta ɗaki.

Girman damin ma abin lura ne. An kwashe awoyi ana zana wa amarya lalle, an biya mai zanen, sau da yawa da kuɗin da yaya ko kawu ya aiko daga ci-rani. Babban dami rufe wannan aikin yake yi a hoto. Kara bakwai zuwa tara, wanda hannu ɗaya zai riƙe a daidai cibiya, ya isa.

A Najeriya wasu kan naɗe takardun kuɗi su yi dami da su, amma Babban Bankin ƙasar ya lissafa hakan cikin wulaƙanta naira, laifin da dokarsa ta 2007 ta tanadar wa hukunci.