BABI NA BIYU: TARIHIN RAYUWA DA AIKIN SOJA NA JANAR MURTALA RAMAT MUHAMMAD

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a kawo tarihin Janar Murtala Ramat Muhammad tun daga haihuwarsa har zuwa rasuwarsa. Za a dubi iliminsa, da shigarsa soja, da rawar da ya taka a rikicin 1966 da yaƙin basasa, sannan a waiwayi ɗan gajeren mulkin da ya yi. Manufa a nan ita ce a fito da halin mutumin kamar yadda ayyukansa suka nuna, domin kuwa hali guda ne, wato saurin yanke hukunci da rashin ja da baya, ya jawo masa yabo a wani wuri, ya kuma jawo masa zargi a wani wurin.

2.1 Haihuwarsa da Iliminsa

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga watan Nuwamba, 1938. Sunan mahaifiyarsa Ramatu, kuma daga nan ne ya samo sunan Ramat da ake haɗawa da nasa. Yana da dangantaka ta jini da Alhaji Inuwa Wada, wanda ya riƙe muƙamin minista a Jamhuriya ta Farko.

Ya fara karatun boko a makarantar elimantare ta Cikin Gida da ta Gidan Makama, daga nan ya wuce Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa. A shekarar 1952 ya sami shiga Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Kwalejin Barewa, ya kammala a 1957. Wannan makaranta ita ce ta yaye da yawa daga cikin manyan Arewa, irin su Sardaunan Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa a zamanin da take Katsina. Yakubu Gowon ma a nan ya yi karatu, yana gaban Murtala da 'yan shekaru.

2.2 Shigarsa Aikin Soja

Murtala ya shiga soja a shekarar 1958, a daidai lokacin da shugabannin Arewa ke kwaɗaitar da matasa masu ilimi su rungumi aikin, saboda ƙarancin hafsoshi 'yan Arewa. Ya fara samun horo a Teshi ta ƙasar Gana, sannan aka tura shi makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. A 1961 ya fito da muƙamin ƙaramin laftana, aka sa shi a sashen sadarwa na soja.

Bai daɗe da fara aiki ba aka tura shi Kwango cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1962, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, ya zama dogarin Dokta Majekodunmi, kantoman da aka naɗa wa jihar. A 1963 ya auri Ajoke, Allah ya albarkace su da 'ya'ya shida. Ya zama manjo a 1964, sannan laftana-kanar a 1966, aka ɗora shi a kan sashen sadarwa na rundunar sojan ƙasa baki ɗaya. Wannan muƙami yana da muhimmanci ƙwarai, domin duk wanda ke riƙe da hanyoyin sadarwa yana da masaniya a kan abin da ke gudana a kowane bariki.

2.3 Rikicin Shekarar 1966

Ranar 15 ga watan Janairu, 1966, wasu ƙananan hafsoshi suka yi juyin mulki na farko a Nijeriya. A ciki aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Arewa Ahmadu Bello, da Firimiyan Yamma Akintola. Haka kuma aka kashe manyan hafsoshin Arewa, irin su Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftana-Kanar Abogo Largema, da Laftana-Kanar James Pam. Mulki ya koma hannun Manjo-Janar Aguiyi Ironsi.

Abubuwa biyu suka fi ɓata wa sojojin Arewa rai. Na farko, an tsare waɗanda suka yi kisan amma ba a gurfanar da su gaban shari'a ba. Na biyu, a watan Mayu Ironsi ya kafa Doka ta 34, wadda ta soke tsarin tarayya ta mayar da ƙasar dunƙulalliya. Murtala yana cikin waɗanda ba su ɓoye fushinsu ba, kuma shi ne jigon hafsoshin da suka shirya juyin mulki na ramuwar gayya ranar 29 ga watan Yuli, 1966. A wannan juyi aka kashe Ironsi tare da mai masaukinsa Laftana-Kanar Fajuyi a Ibadan, aka kuma kashe sojoji da yawa 'yan asalin Gabas a barikoki.

Da farko Murtala da mutanensa ra'ayin a raba ƙasa suke da shi, Arewa ta kama gabanta. Sai da aka shafe kwanaki ana muhawara a barikin Ikeja, manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka suka sa baki, kafin aka janye wannan ra'ayi. Ranar 1 ga watan Agusta Laftana-Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa. Tun daga wannan lokaci dangantakar mutanen biyu ba ta taɓa zama lafiya lau ba, domin Murtala yana ganin Gowon ya cika sanyin hali.

2.4 Rawarsa a Yaƙin Basasa

Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara ranar 30 ga watan Mayu, 1967, yaƙi kuma ya ɓarke a watan Yuli. Ranar 9 ga watan Agusta sojojin Biyafara suka ƙetare kogin Kwara suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya, har suka isa garin Ore, a kan hanyar Legas. A cikin wannan hali na firgici aka ɗora wa Murtala alhakin kafa Runduna ta Biyu. Ya tattaro duk wanda ya samu, har da sababbin ɗauka da akawuna da masu dafa abinci na bariki, ya tunkari abokan gaba. Kafin ƙarshen watan Satumba ya ƙwato birnin Binin, a farkon Oktoba kuma ya isa Asaba a bakin kogi. Wannan nasara ita ce ta fara fito da sunansa a idon jama'a.

Sai dai a nan Asaba ne aka yi abin da ya zama tabo a tarihin rundunar. A farkon watan Oktoba, musamman ranar 7 ga wata, sojojin da ke ƙarƙashin Runduna ta Biyu suka harbe ɗaruruwan fararen hula maza, manya da yara, bisa zargin suna goyon bayan Biyafara. Har yau mutanen garin suna tunawa da wannan rana. Duk wanda zai rubuta tarihin Murtala da adalci bai kamata ya tsallake wannan al'amari ba, tun da shi ne kwamandan rundunar.

Bayan haka sai batun garin Anacha. Sojojin Biyafara sun karya gadar kogin Kwara. Hedkwatar soja a Legas ta ba da shawarar a zagaya ta arewa, a ƙetare ta inda babu abokan gaba, a shigo garin ta tudu. Murtala ya ƙi, ya dage sai ya ƙetare kai tsaye da jiragen ruwa. Sau uku ana gwadawa ana shan kashi, aka yi asarar sojoji da makamai masu ɗimbin yawa. Daga baya dole ya koma ga shawarar farko, ya ƙetare ta Idah, ya biyo ta Awka, ya kama Anacha a watan Maris na 1968. A ƙarshen wannan wata kuma aka yi wa jerin motocin rundunarsa kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta kama motocin mai da na harsashi, aka sake tafka asara. Ba da daɗewa ba ya bar fagen daga, Kanar Ibrahim Haruna ya karɓi rundunar, shi kuma ya koma sashen sadarwa.

Bayan ƙarewar yaƙi a watan Janairu na 1970, ya tafi ƙarin horo a Ingila, ya zama birgediya a 1971. A watan Agusta na 1974 Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya.

2.5 Hawansa Mulki da Ayyukansa

Ranar 1 ga watan Oktoba, 1974, Gowon ya sanar da cewa alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976 ba zai yiwu ba. A lokacin ana ta ƙorafi a kan almundahanar gwamnoni, da rigimar ƙidayar 1973, da cunkoson ɗaruruwan jiragen ruwa masu ɗauke da siminti a tashar Legas. Ranar 29 ga watan Yuli, 1975, Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Kamfala ta Yuganda, sai Kanar Joe Garba ya sanar da kifar da gwamnatinsa, ba tare da zubar da jini ba. Hafsoshin da suka shirya juyin, waɗanda suka haɗa da Shehu Musa 'Yar'aduwa, suka miƙa mulki ga manyansu uku: Murtala shugaban ƙasa, Olusegun Obasanjo na biyu, T.Y. Danjuma kuma shugaban sojan ƙasa.

Nan take Murtala ya sauke gwamnoni 12, ya soke ƙidayar 1973 aka koma ga ta 1963. Binciken da aka yi wa gwamnonin ya sami 10 da laifi, aka ƙwace dukiyoyinsu. Na Legas da na Jihar Yamma kaɗai suka kuɓuta. Daga nan aka shiga tankaɗe da rairaya a aikin gwamnati, inda aka sallami ma'aikata fiye da 10,000 bisa dalilan cin hanci, ko rashin ƙwazo, ko tsufa, ko rashin lafiya. Korar ta shafi alƙalai da 'yan sanda da ma'aikatan jami'o'i. Talakawa sun yi murna, ma'aikata kuma suka shiga zuwa ofis a kan lokaci. Amma da yake an yi abin cikin gaggawa, ba a ba mutane da yawa damar kare kansu ba, wasu ma ƙiyayyar abokan aiki ce ta ci su. Illar da ta biyo baya ita ce ma'aikaci ya daina ɗaukar aikinsa a matsayin abin dogaro har tsufa, wanda hakan ya raunana aikin gwamnati na tsawon lokaci.

Ranar 1 ga watan Oktoba, 1975, ya bayyana jadawalin miƙa mulki ga farar hula nan da 1 ga Oktoba, 1979. A cikin wannan wata ya ƙaddamar da kwamitin mutum 49 na rubuta tsarin mulki a ƙarƙashin Rotimi Williams, wanda aikinsa ya kai Nijeriya ga tsarin shugaba mai cikakken iko. Ranar 3 ga watan Fabrairu, 1976, ya ƙara jihohi daga 12 zuwa 19. An raba Arewa maso Gabas zuwa Bauchi da Barno da Gongola, Arewa maso Yamma zuwa Sakkwato da Neja, Binuwai-Filato zuwa biyu, Gabas ta Tsakiya zuwa Anambra da Imo, Yamma kuma zuwa Oyo da Ogun da Ondo. A wannan rana ce kuma ya amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta mayar da babban birnin tarayya zuwa tsakiyar ƙasa. Gwamnati ba ta tare a Abuja ba sai 12 ga watan Disamba, 1991.

Ta fuskar hulɗa da ƙasashen waje, batun Angola shi ne ya fi fice. Da sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka shiga ƙasar, Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA a watan Nuwamba na 1975. Shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka yana neman su bi ra'ayin ƙasarsa. Murtala ya mayar da martani a taron Adis Ababa ranar 11 ga watan Janairu, 1976, inda ya nuna cewa Afirka ta kai munzalin yanke wa kanta shawara ba tare da umarnin wata babbar ƙasa ba. A cikin wannan wata aka ƙara masa girma zuwa cikakken janar.

2.6 Rasuwarsa

Murtala bai tare a barikin Dodan ba, ya ci gaba da zama a gidansa na Ikoyi, yana fita ba jiniya ba rakiyar sojoji. Wannan sauƙin kai ya ƙara masa farin jini, amma shi ne ya ba maƙiyansa dama. Da safiyar Juma'a, 13 ga watan Fabrairu, 1976, yana kan hanyar zuwa ofis, aka buɗe wa motarsa wuta a cikin cunkoson motoci. Nan take ya rasu tare da dogarinsa Laftana Akintunde Akinsehinwa da direbansa. Laftana-Kanar Buka Suka Dimka ne ya yi sanarwar juyin mulki a rediyo, amma kafin yamma an murƙushe yunƙurin. An kuma kashe gwamnan Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo.

An kai gawarsa Kano aka yi masa jana'iza. Ya rasu yana da shekara 37, bayan mulkin da bai cika wata bakwai ba. An yanke wa masu hannu a juyin hukuncin kisa, ciki har da Manjo-Janar Iliya Bisalla, da Dimka kansa wanda aka harbe ranar 15 ga watan Mayu, 1976. Obasanjo ya gaje shi, ya kuma cika alkawarin miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a ranar da aka tsayar. Don tunawa da shi, an sa wa filin jirgin sama na Ikeja da babban asibitin birnin Kano sunansa, an sa hotonsa a takardar naira 20 tun 1977, motar da aka harbe shi a ciki kuma tana gidan tarihi na Legas.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda Murtala ya tashi daga ɗalibin Barewa zuwa shugaban ƙasa cikin shekara 18. An ga mutumin da ya nemi a raba ƙasa a 1966 ya koma yana yaƙin haɗa ta a 1967, ya kuma aza mata harsashin sabon birni a 1976. An kuma ga cewa gaggawar da ta ƙwato Binin ita ce ta jawo asarar Anacha, kamar yadda zafin naman da ya girgiza ma'aikata ya haɗa da waɗanda ba su ji ba su gani ba. Da wannan ma'auni za a shiga babi na uku, inda za a nazarci yadda mawaƙan Hausa suka siffanta shi, a ga ɓangaren da suka ɗaukaka da wanda suka yi shiru a kansa.