Ƙin tashin kwamfuta bayan sauya fatishan

Ƙin tashin kwamfuta bayan sauya fatishan matsala ce da ke aukuwa idan aka goge, aka rage ko aka matsar da wani ɓangare na faifan ajiya, sai kwamfuta ta kunnu amma ta kasa shiga Windows ko Linux. Galibi fayiloli suna nan lafiya. Ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfutar ce ta daina gane inda sauran kayan aikinta suke.

Dalili

A tsohon tsarin MBR, wanda ya fito tare da PC DOS 2.0 a 1983, bait 512 na farkon faifai ne mafarin komai: 446 na umarnin tayarwa, 64 na jadawalin fatishan huɗu. Wurin ya yi wa GRUB, manhajar tayarwa ta Linux, kaɗan, shi ya sa sauran fayilolinta ke zaune cikin fatishan ɗin Linux. Mai Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya, idan ya goge fatishan ɗin Ubuntu don neman fili, ya goge rabin GRUB ke nan. Da ya sake kunnawa sai baƙin allo mai rubutun grub rescue>, alhali babu abin da ya sami Windows.

Kwamfutoci masu UEFI da GPT kuwa suna ajiye fayilolin tayarwa a wani ɗan fatishan na FAT32 da ake kira ESP. Ƙanƙantarsa kan ruɗi mutane su goge shi.

Gyara

Kuskure mafi tsada shi ne gaggawar yin fomat ko sake ɗora Windows, domin sabon rubutu yana danne bayanan da da za a iya cetowa. Ana fara tayar da kwamfutar daga filashi mai Linux, a kwashe muhimman fayiloli.

Idan Windows ake son dawowa da ita, ana shiga sashen gyara na filashin Windows a ba da umarnin bootrec /fixmbr a faifan MBR, ko bcdboot a kwamfuta mai UEFI. Idan Linux na nan, lambar fatishan ce kawai ta canza, umarnin ls a allon grub rescue> zai nuna ɓangarorin da ke akwai. Bayan an shiga sai a yi grub-install, a kuma duba ko lambobin UUID da ke /etc/fstab sun dace da na faifan.

Fatishan da aka goge bisa kuskure, manhajar TestDisk ta Christophe Grenier kan iya dawo da shi, muddin ba a rubuta komai a gurbinsa ba.