Idan Ɗalibai Za Su Yi Tafiya a Kan Kogi

'Yan'uwa manoma, yaranmu na makaranta sukan shirya yawon buɗe ido a kwale-kwale a kan Binuwai ko Gongola lokacin hutu. Ba mu ce a hana su ba. Amma kafin su bar gaɓa akwai abin da iyaye za su bincika.

Yawan lodi shi ne babban abin tsoro. A watan Nuwamba 2021 jirgi ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Jirgin ya ɗauki fiye da ƙarfinsa. Saboda haka malami ya ƙirga yara da kansa, kada ya bar wa mai jirgi, gama shi kuɗin kowane kai yake dubawa. Kowane yaro ya sa rigar ceto, a ɗaure ta sosai, har da wanda ya iya iyo. Su zauna, ba mai miƙewa tsaye. In jirgi ya kife, su riƙe jikinsa, kada su nufi gaɓa mai nisa.

A nemi shawarar sarkin ruwa. Shi ya san inda duwatsu da dorina suke. Daga Agusta zuwa Oktoba kogi a cike yake, kuma in an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, Binuwai takan tashi da sauri, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. A jira rani, a kuma sauka kafin rana ta faɗi.

Wani haɗarin ba a ganinsa da ido, wato tsargiya. Ƙwayoyinta suna fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke cikin ciyawar bakin ruwa, inda ruwa ba ya gudu sosai, su shiga ta fata. Daidai wurin da yara suke son wanka ke nan! Yaro zai dawo gida lafiya ƙalau, sai bayan wata 2 ko 3 a ga jini a fitsarinsa. Ba alamar balaga ba ce, kamar yadda waɗansu ke cewa. A kai shi asibiti, akwai magani mai suna farazikwantel.

Ruwan sha kuwa a tafasa shi a gida, a zuba a jarka. In zawo ya kama yaro a hanya, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a ruwa lita 1, ya riƙa kurɓa har a isa asibiti.