Yara Masu Waya A Baki: Abin Da Iyaye Za Su Duba Kafin A Ɗaura

Wanda duk ya ratsa ta ƙofar wata babbar makarantar sakandare a Kano ko Kaduna lokacin tashi, ba mamaki ya yi kiciɓis da yaro ko yarinya da wata siririyar waya ta gitta haƙoransu daga wannan gefe zuwa wancan. Dattawa da dama sun ɗauka wani sabon ado ne irin na haƙorin Makka. Alhali kuwa magani ne, kuma magani mai tsawon rai, wanda yakan ci wata 18 zuwa shekara 2, wani lokaci ma fiye. Mahaifin da ya sa aka ɗaura wa ɗansa ba tare da ya auna wannan tsawo ba, ya ɗauko wa kansa da ɗan nasa wahala.

Sana'ar dai ba sabuwa ba ce. Tun a 1728 wani likitan Faransa mai suna Pierre Fauchard ya bayyana yadda ake ɗaure haƙora a jikin wani lanƙwasasshen ƙarfe don su jeru. Amma wanda ya mayar da abin ilmi mai tsari shi ne Edward Angle na Amurka, wanda a 1899 ya kasa rashin daidaiton haƙora gida 3, bisa yadda matauni na sama ke zama a kan na ƙasa. Har yau da wannan ma'auni likitoci ke fara duba bakin yaro.

Yadda wayar ke aiki abin al'ajabi ne. Haƙori ba a kafe yake cikin muƙamuƙi kamar ƙusa a jikin katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wasu ƙananan zaruruwa da ke riƙe da shi. Likita yakan manna wa kowane haƙori ɗan ƙaramin ƙarfe da wani irin gam, sa'an nan ya zura waya ta cikinsu. Wayar da aka fi farawa da ita, wadda ake haɗawa da ƙarafan nikel da taitaniyam, halinta ne ta nemi komawa siffarta ta asali duk yadda aka lanƙwasa ta, saboda haka sai ta yi ta jan haƙorin a hankali dare da rana. A gefen da haƙorin ya danna, jiki yakan narkar da ƙashi kaɗan-kaɗan. A gefen da ya baro kuma sai ya gina sabo. Ta haka haƙori ke tafiya kamar milimita 1 a wata. Gaggawa ba ta da wuri a nan, domin ƙarfin da ya wuce kima yana iya cinye saiwar haƙorin. Uban da ke matsa wa likita ya ƙara ɗaurewa don a gama kafin wani biki, ɗansa yake cuta.

Ba kowane baki ne ke bukatar waya ba. Wushirya, alal misali, a ƙasar Hausa kyau ce, kuma in ba wata cuta a tare da ita babu dalilin rufe ta sai mai ita ya so. Hasali ma ratar da ake gani a haƙoran gaba na yaron da ya yi famfara sau da yawa takan rufe da kanta bayan fiƙoƙi sun fito, wajen shekara 11 ko 12. Inda abin ya zama lalura shi ne inda haƙora suka cunkushe suka hau juna har buroshi ba ya shiga, ko na sama suka turo waje har leɓe ba ya rufuwa, waɗanda su ne ke saurin karyewa in yaro ya faɗi wajen ƙwallo, ko kuwa cizo bai haɗu ba har tauna ta zama aiki. Wani gado ne. Wani kuma tsotson yatsa ne ya daɗe har haƙoran girma suka tarar da shi. Wani ko sakaci ne: haƙoran yarinta guda 20 su ke tsare wa na girma gurbi, in aka bar matauni suka ruɓe aka cire su tun lokaci bai yi ba, sai na kusa su matso su cinye wurin. Don haka ne ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ke ba da shawarar a kai yaro a duba shi yana shekara 7, ko da yake galibi ba a ɗaura waya sai yawancin haƙoran girma sun kammala fitowa.

To, bayan an ɗaura, nan ne aikin ke komawa hannun yaron. Kwana 3 zuwa mako guda na farko haƙora sukan yi tsami, ƙarafan su goge cikin kumatu har su yi rauni. Kunu da koko da fate da tuwo mai laushi su ne abincin waɗannan kwanaki, kuma likita yakan ba da wani kaki da ake liƙawa a kan ƙarfen da ke suka. Wannan duk yakan wuce. Abin da ba ya wucewa sai an kwance shi ne dokar abinci. Rake ya haramta, haka aya da ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara da goriba, balle tauna ƙashi ko ƙanƙara ko buɗe kwalba da haƙori. Cingam da alewa mai danƙo su ma haka. Tsire da kilishi sai an yayyanka ƙanana, mangwaro da gwaiba kuma a yanka da wuƙa maimakon a gatsa. Yaro ɗan shekara 13 da zai zauna cikin 'yan ajinsu ana shan rake yana kallo, lalle ya cancanci a jinjina masa.

Sai kuma tsabta, wadda ita ce ke raba wanda ya ci riba da wanda ya yi asara. Kowane ɗan ƙarfe maɓoya ce ta guntun abinci. In ba a goge baki da buroshi da man goge baki mai sinadarin fulorayid safe da dare da kuma bayan cin abinci ba, ranar da aka kwance sai a tarar da fararen tabo kewaye da inda ƙarafan suka zauna, watau farkon ruɓewa, ga dasashi ya kumbura yana jini. Aswaki yana da nasa amfani, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya; akwai ɗan siririn buroshi da aka yi musamman domin haka. Ɗalibin makarantar kwana, inda ruwa ma wani lokaci sai an yi layi, yana bukatar a shirya masa waɗannan kaya tun daga gida.

Ko an kwance ma da sauran aiki. Haƙori yana da halin neman tsohon mazauninsa, saboda haka ake ba yaro wani mariƙi na roba da zai riƙa sawa, musamman da dare, ko a manna masa siririyar waya ta bayan haƙoran gaba. Da yawa a nan suke sakaci, bayan 'yan shekaru haƙoran su sake karkacewa.

Wani abin damuwa kuma shi ne masu ɗaura wa 'yan mata waya a shagunan kwalliya don ado. Wayar ado ma ja take yi, sai dai ba mai sarrafa ta, ba hoton ƙashi, ba tabbacin tsabtar kayan aiki. Wannan aiki ne na likitan haƙori mai rajista da hukumar kula da likitoci ta Nijeriya, wanda ya ƙara samun horo a fannin. Irin waɗannan ƙwararru ba su da yawa a Arewa, akasarinsu kuma suna manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Wannan ƙaranci shi ya sa ma'aikacin gwamnati zai yi lissafi biyu kafin ya amince. Na farko kuɗi, domin aikin yana da tsada, kuma ya kamata a yi magana a fili a kan jimla da yadda za a biya da abin da za a caja in ƙarfe ya ɓalle. Na biyu zirga-zirga: kowane mako 4 zuwa 8 sai yaro ya koma an duba an gyara. Wanda ɗansa ke makarantar kwana sai ya nemi izinin shugaban makaranta tun farkon zango. Wanda kuma aka yi wa canjin wurin aiki aikin na tsaka, kada ya kwashe iyali ya tafi haka nan, domin wayar da aka bari wata da watanni ba kulawa ɓarna take yi. Ya koma wurin likitan ya karɓi takardar bayani da hotunan da aka ɗauka tun farko, ya kuma nemi a haɗa shi da wani ƙwararre mafi kusa da sabon garin kafin motar kaya ta tashi.