Sarkin da ya biya fam 100 don a daina yi masa zanen zambo

A shekara ta 1820, fadar sarkin Ingila ta biya wani matashi mai zane, George Cruikshank, kuɗi fam 100 na toshiyar baki. Sharaɗin da ya sa wa hannu shi ne ba zai ƙara zana Sarki Joji na Huɗu cikin wani hali na lalata ba. A wannan shekara sarkin yana neman majalisar dokoki ta raba aurensa da matarsa Caroline, talakawan Landan kuwa suka goya wa matar baya, shagunan masu sayar da hotuna suka cika da zanen sarki da ƙaton tumbinsa, da kwalaben giya, da matan da yake hulɗa da su. Cruikshank ya karɓi kuɗin, amma ya ci gaba da yi wa sarkin ba'a ta wasu hanyoyin da sharaɗin bai ambata ba.

Abin mamaki, shi kansa sarkin yana cikin manyan masu sayen irin waɗannan hotuna tun yana yarima mai jiran gado. An adana su a fadar Windsor har zuwa shekara ta 1921, sa'ilin da aka sayar da kusan guda 10,000 ga ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka da ke Washinton, inda suke har yanzu. Ke nan gidan da aka yi wa zambo, shi ne ya adana wa duniya zambon.

To masu karatu, wannan ne ya sa muka ga ya dace mu leƙa cikin waɗannan ɗakunan karatu, mu ga yadda takardun da ba a ɗauke su bakin komi ba suka zama abin da masana tarihi ke rububi a kai.

Waƙar kwabo ɗaya

Tun kafin zanen zambo ya yi tashe, akwai waƙar takarda. Daga ƙarni na 16, masu ɗab'i a Landan sukan buga waƙa a kan falle ɗaya na takarda mai araha, fuska guda kawai. A sama akwai ɗan hoto da aka sassaƙa a katako, sai sunan karin da za a rera waƙar da shi, wanda galibi kowa ya riga ya sani. Mai talla yakan tsaya a kasuwa ko bakin hanya ya rera, jama'a su taru, wanda ta yi wa daɗi ya ba da kwabo ɗaya ya tafi da tasa. Ko wanda bai iya karatu ba yakan saya, ya liƙa a bangon ɗaki, ya nemi mai karanta masa.

A cikin waɗannan waƙoƙi ake jin labarin kisan kai, da wanda aka rataye, da gobara, da yaƙi, da tsadar abinci, da faɗan miji da mata. Mu da ke aikin radiyo muna iya cewa su ne labarun safe na talakan wancan zamani. Amma da yake takardar ba ta da daraja, in an gama da ita sai a kunna lofe, ko a shimfiɗa ta cikin tandar gashi, ko a shiga da ita makewayi. Masana sun yi ittifaƙi cewa kaɗan ne ƙwarai suka tsira daga cikin waɗanda aka buga.

Akwai kuma waƙoƙin da ba mai ɗab'in da zai yi kasadar bugawa. Tun shekara ta 1557 aka ba ƙungiyar masu ɗab'i ta Landan ikon sa ido kan abin da ake bugawa, zagin manya kuwa yana iya kai mutum gidan kaso. Don haka zambon da ya fi zafi da hannu ake rubuta shi, aboki ya miƙa wa aboki. A shekara ta 1628 wani soja, John Felton, ya soke George Villiers, basaraken Buckingham kuma na hannun daman sarki, wanda jama'a suka tsana. Nan da nan baitocin yabon wanda ya yi kisan suka bazu a rubuce. Ɗalibai da lauyoyi suka kwafe su cikin kundayensu, kuma daga waɗannan kundaye ne aka san abin da mutane ke faɗi a ɓoye.

Waɗanda suka tsinta

Da ba don wasu ƴan tsirarun mutane masu son tara takardu ba, da duk wannan ya bi iska. Samuel Pepys, babban jami'i a ma'aikatar jiragen ruwan yaƙi wanda ya rasu a 1703, ya tara waƙoƙin takarda fiye da 1,800. Ya manna su cikin manyan kundaye 5, ya kasa su gida-gida: addini, sha'anin mulki, bala'o'i, soyayya, aure, teku, shaye-shaye da sauransu. Ya bar wasiyya cewa kada a ƙara ko a rage littafi ko ɗaya cikin littattafansa 3,000. Tun 1724 suna kwalejin Magdalene ta jami'ar Kambirij, cikin akwatunan katako da shi ya sa aka ƙera.

George Thomason kuwa mai sayar da littattafai ne. Daga 1640 zuwa 1661, lokacin yaƙin basasar da aka sare kan Sarki Charles na Ɗaya a cikinsa, ya dinga sayen duk wata takarda da ta fito, ta ɓangaren sarki ko ta majalisa, yana rubuta ranar da ya same ta a jiki. Ya tara kimanin 22,000. A 1762 Sarki Joji na Uku ya ba da su kyauta ga gidan tarihi na Birtaniya, yanzu kuma suna babban ɗakin karatu na ƙasar da ke Landan.

Labarin da ya fi taɓa mu shi ne na Thomas Percy, wani limamin coci. Ya je gidan abokinsa a yankin Shropshire, sai ya tarar da wani tsohon kundin waƙoƙi na rubutun hannu a yashe a ƙasa, ƴan aikin gidan suna yagar shafukansa suna hura wuta. Ya roƙa aka ba shi. Shafuka da dama sun riga sun rasa rabinsu. Daga abin da ya rage ya fitar da littafi a 1765, wanda ya sa Turawa suka fara ɗaukar waƙar talakawa da muhimmanci. Shi ma kundin yana babban ɗakin karatu na Landan, da shafukansa yagaggu.

Cincirindo a bakin taga

Bayan da dokar neman izini kafin ɗab'i ta faɗi a 1695, bakin mutane ya buɗe. William Hogarth ya share fage. A 1751 ya fitar da hoton wata unguwar matalauta da barasa ta cinye, ga wata uwa a buge jaririnta yana suɓucewa daga hannunta. A wannan shekara majalisa ta kafa dokar taƙaita sayar da barasar.

Amma gwanin gwanaye shi ne James Gillray, wanda ya rayu daga 1756 zuwa 1815. Yadda ake aikin shi ne, a shafe farantin jan ƙarfe da kakin zuma, a yi zane a kai da tsinke mai kaifi, a zuba ruwan asid ya ci inda aka karce, sannan a shafa tawada a danna a takarda. Launi kuma da hannu ake sa shi, ɗaya bayan ɗaya. Hoto mai launi yakan kai sule 2, wato kwabo 24, kuɗin da ya fi ƙarfin lebura. Sai dai masu shago sukan jera sababbin hotuna a taga, don haka kullum akwai cincirindon masu kallo kyauta. Shagon da ya fi suna na wata mata ce, Hannah Humphrey, a titin St James, ƴan taku kaɗan daga fadar sarki. A saman shagon Gillray yake zaune, ita ke sayar da aikinsa, ita ce kuma ta yi jinyarsa lokacin da hankalinsa ya gushe a ƙarshen rayuwarsa.

Hotonsa da ya fi shahara ya fito a 1805. Faraministan Ingila William Pitt da Napoleyon na Faransa suna zaune a tebur, an ajiye musu duniya a faranti kamar dunƙulen abinci. Pitt yana yankar teku, Napoleyon yana yankar Turai. Gillray ne ya dinga zana Napoleyon ɗan ƙanƙane mai yawan fushi, har ta kai yau mutane da yawa sun yarda gajere ne, alhali tsawonsa ya kai wajen mita 1 da santimita 68, daidai da na mazajen zamaninsa.

Mahukunta sun gwada kotu, ba su ji da daɗi ba. A watan Disamba na 1817 an gurfanar da mai ɗab'i William Hone sau 3 cikin kwanaki 3 a jere. Shi ya kare kansa, ya sa ɗakin shari'a dariya, kuma duk sau ukun aka wanke shi. Daga nan manya suka ƙara fahimtar cewa sayen mai zane ya fi kai shi ƙara sauƙi.

A karanta da lura

Wajibi ne mu faɗa cewa waɗannan takardu ba muryar gaskiya zalla ba ce. Daga 1797 Gillray yana karɓar fam 200 a shekara daga hannun gomnati, kuma a wannan lokaci ƴan adawa ne suka fi shan zafin tsinkensa. Haka nan hotunan cike suke da raini ga mata, da Yahudawa, da mutanen Ailan, da baƙar fata.

Misali a gida ɗaya ma ya isa. A 1792 Isaac Cruikshank ya zana wani kyaftin na jirgin bayi, John Kimber, da wata yarinya ƴar Afirka da aka rataye ta ƙafa ɗaya a cikin jirgi za a yi mata bulala. Hoton ya tayar da hankalin jama'a, ko da yake kotu ta sallami kyaftin ɗin. Shekaru 27 bayan haka, a 1819, ɗansa George, wancan mai karɓar fam 100, ya fitar da hoton da ke yi wa masu yaƙi da bauta ba'a, ya zana baƙar fata cikin mummunar siffa. Dukansu biyu an adana su, kuma daidai ne da aka adana. Ɗan Afirka da ke son sanin irin kallon da Bature na wancan zamani yake yi masa, a nan zai gani ba tare da an yi wa abin kwaskwarima ba.

Inda suke a yau

Ajiya kaɗai ba ta isa ba, domin zambo yana mutuwa in an manta wanda aka yi wa. A gidan tarihi na Birtaniya, Frederic Stephens ya fara kundin bayanin hotunan a 1870. Wata masaniyar tarihi, Dorothy George, ta ɗora daga 1935 zuwa 1954, tana gano kowace fuska da kowane habaici. Aikin ya kai juzu'i 11, da hotuna fiye da 17,000. Ɗakin karatu na Bodleian a jami'ar Oksfod yana da waƙoƙin takarda fiye da 30,000. Tun 2003 kuma jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta shiga ɗaukar hotunan tsofaffin waƙoƙin tana zuba su a intanet, har da naɗar muryar masu rera su da karinsu na asali. Mai waya a hannu yana iya sauraren abin da aka rera a kasuwar Landan shekaru 350 da suka wuce, ba tare da ya biya ko dala ba.

Mu ma'aikatan radiyo mun san yadda ake shafe kaset na jiya don a ɗauki shirin yau, mun kuma san jaridar jiya a wurin mai tsire take ƙarewa. Pepys da Thomason ba hukuma ce ta sa su ba, da kuɗin aljihunsu suka yi. Don haka duk mai tsohuwar jarida, ko kaset na makaɗi, ko kundin kakanni a ƙasan adaka, muna roƙon ya rubuta kwanan wata a jiki, ya nisanta shi da gara da ruwan damina.